Yaya, Ruwa

Litinin: Potiskum zuwa Damaturu

Na fito ƙarfe biyar da rabi bayan sallar asuba, sai da na koma sau biyu na duba ko na kashe murhu. Wajen ƙanwata Zainabu za ni. Mako uku ke nan da ambaliya ta ci gidansu a unguwar Shehuri cikin Maiduguri, ta kwana biyu a kan rufin ɗaki da goyo a bayanta. Sun tsira. Amma mijinta ya ce min tun ranar hannunta bai taɓa ruwa ba, sha ma sai an kai mata baki. A jakata akwai takarda, na rubuta tambayoyi tara da zan yi mata.

Mota ta tashi shida saura kwata. Bakwai da minti ashirin muna Damaturu, na sayi ƙosai na kasa ci.

Damaturu zuwa Maiduguri

Tafiyar kilomita ɗari da talatin da ɗoriya ce. Shingen sojoji shida na ƙirga. Bayan Benisheikh rana ta ɗaga, kwalta ta soma ƙyalli kamar tafki. Gyangyaɗi ya ɗauke ni, na ga motarmu tana tafiya a kan ruwa ba ƙara, Zainabu tana yarinya a bakin hanya tana ɗago min hannu.

Direba ya ce, "Hajiya, tun Mainok kike riƙe min kujera. Sakar min, ba kwalekwale ba ne."

Bulumkutu

Goma da kwata keke napep ya sauke ni a unguwar Bulumkutu, ƙofar gidan Ya Falmata, yayar mijin Zainabu, inda suka fake. A asibiti take aiki, an koya musu yadda ake tarbar wanda ya firgita. Ta ce, "Wushe, sannu da hanya." Na nuna mata takardata. Ta karanta, ta ninke, ta sa a lalitarta.

"Kada ki ce ta ba ki labari. Ki zauna kusa da ita, ki tambaye ta abin da take so yanzu. In ta yi magana ki saurara. In abin ya ƙi sauƙi, ni zan kai ta wajen likita."

Na shiga. Zainabu tana kan tabarma ta jingina da bango. Bakina ya riga ni, gaisuwar damina da muka saba ta fito: "Sannunku, yaya ruwa?"

Ba ta ce ya yi gyara ba. Ta runtse ido, ta damƙe bakin tabarma. Na ji kamar in koma tasha a ƙafa. Ya Falmata ta dafa ni na zauna, ta ce mata a hankali, "Zainabu, nan Bulumkutu ne. Taɓa ƙasa ki ji, a bushe take."

Talata

Ban je ko'ina ba. Muka ci burabusko da miyar kuka. Na tsince wake, can ta miƙo hannu ta taya ni. Da azahar na ga ta yi taimama, hankalina ya tashi, na ja Ya Falmata gefe.

"Sallarta ta yi kuwa?"

"An tambayi malam, ya ce lalura ce. Ke dai yi taki, Hajiya mai takarda."

Da la'asar Zainabu ta ɗora kai a cinyata ta yi barci. Hasken taga yana rawa a bango, na yi ta kallonsa. Ƙafata ta mutu, ban motsa ba.

Laraba: komawa

Bakwai na safe na ɗauki jaka. A tsakar gida na ji an buɗe murfin randa. Zainabu ce tafe da kofin silba a hannu biyu, rabin ruwan ya zube a zaninta. Ta tsaya gabana.

"Yaya, ruwa. Kin zo ban ba ki ba."

Ba ƙishi nake ji ba, na shanye tas.

Sha biyu da rabi na iso Potiskum. Takardata tana can a lalitar Ya Falmata, ban tambaye ta ba. Na gode wa Allah, na gode mata, da direban da ya yi haƙuri da ni.