Na Rantse Ni Ba Ɓarawo Ba Ne

Kafin a ɗaure ni, ni ne mai rubuta wa mutane wasiƙa a kasuwar Tudun Wada. Rubutuna kyakkyawa ne, kaina cike da littattafan soyayya da nake sayowa daga Kano. Kowanne na karanta, ni ne jarumin. Ko sau ɗaya ban taɓa ganin kaina a mugun ba. Ina son wata yarinya Sa'ade, duk mako sai na rubuta mata shafi huɗu.

Wata ranar kasuwa wani dillalin shanu ya ja ni gefe. Ya ce, "Malam, takardar shaidar ciniki za ka yi mana, mai saniyar ya yi sauri ya tafi." Na rubuta sunan mutumin da ban gani ba, na dangwala yatsana a madadinsa. Karo na biyu ban ma yi tambaya ba.

Daga dajin Falgore ake koro shanun, a loda su a Kwanar Dangora, takardata ce ke wucewa da su a hanya. Na sani sarai. Amma in aka kama ɓarawon akuya a kasuwa, ni ne kan gaba wajen zagi, kuma wallahi da zuciya ɗaya nake zaginsa. Wannan ne yake ƙona mini rai har yau.

Wani dattijo Bafulatani ya bi sawun shanunsa har cikin kara, kasuwar shanu. Ya kira saniyarsa da sunanta, ta taho. Aka duba takarda, ga yatsana.

A kotu na ce wa alƙali, "Ranka ya daɗe, ni ban taɓa riƙe igiyar saniya ba."

Dattijon ya dube ni ya ce, "Yaro, waɗanda suka kore su sun sha rana, sun sha ƙaya. Kai kana zaune a inuwa ka sace ni."

Shekara uku aka yanke mini. Ta farko na cinye ta ina tsine wa dillali da alƙali. Sai yayan Sa'ade ya zo da wasiƙuna ɗaure da zare. Ya ce, "Ta ce ta karanta duka, ba ta ga inda ka tambayi lafiyarta ba." Na buɗe su ɗaya bayan ɗaya don in ƙaryata ta. Ni, zuciyata, hawayena. Babu ita a ciki.

Da aka sake ni na nufi rugar dattijon wajen Doguwa neman gafara. Na tarar sun tashi, ba wanda ya san inda suka yi. Allah kaɗai ya rage mini in roƙa.

Samari, kada ku yarda da shaidar da kuke yi wa kanku. Ku nemi wanda ba ya jin nauyinku, ku tambaye shi halinku, in ya faɗi abin da ya ɓata muku rai ku zauna ku ji. Ni ko wannan rubutun sau biyu na yaga shi, don na kama kaina ina gyara wa kaina labari.