Hannun Mai Lambu

Agogon Rasha ba ya cin batir, motsin hannu yake ci. Ita ce maganar da nake fara faɗa wa duk wanda ya tsaya gaban teburina a kasuwar Matameye. A cikinsa akwai wani ɗan ƙarfe mai siffar rabin wata da ke lilo duk sanda hannu ya motsa, shi ke ba shi rai. In ka cire ka ajiye, kwana ɗaya da wuni ya tsaya cak.

Da faranti na fara wannan sana'a, ina zagaya tasha da batura da madaurin roba. Wani direban Kano ne ya fara kawo mini irinsa guda, mai nauyi kamar dutsen guga, na ɗaura na ga ruwa ba ya shigarsa. Yanzu ta waya nake saro su wajen wani mutum a Yamai. Suna da araha, kuma ba na ɓoye aibinsu: sukan yi gaba da 'yan mintoci, in ka kwance kan da ake murɗawa sai ya yi ta rawa kamar haƙorin tsoho. Don masu nutso a teku aka ƙera su, a fuskar wasu har da hoton ɗan mutum yana iyo da tulun iska a baya. Mu kuwa ruwan da ya fi zurfi a ƙasarmu rijiya ce. Duk da haka suna tafiya. Masu wankin mota na saye, masu yasar rijiya na saye, da duk wanda ya gaji da cire agogo in zai yi alwala.

Cikin masu sayen akwai wani dattijo mai lambu daga wani ƙauye a hanyar Dawce. Rake da albasa yake nomawa, kuma da guga yake ban ruwa, ya ƙi inji har abokansa suka gaji da yi masa tsiya. Ya ɗauki mai hoton ya juya shi.

"Alhaji, wannan ɗan ruwan da ke ciki, ci da shi zan yi ko shi zai ci da kansa?"

"Kai dai ka ja gugarka, Baba. Muddin hannunka na aiki, ba ya neman komai."

"To ya sami gida," in ji shi, ya ɗaura ya tafi.

Shekara ta kewayo na ji labarin ya faɗi a bakin rijiyarsa. An kai shi asibitin Damagaram, aka dawo da shi gida ba baki, ba motsi. Idonsa a buɗe, in an ɗura masa kunu yana haɗiyewa, iyakarsa ke nan. Na yi masa addu'a na ci gaba da harkata.

Wata ranar kasuwa, bayan an yi makonni, wata tsohuwa ta tsaya gefen teburina har masu ciniki suka watse. Matarsa ce. Ta gaishe ni, sannan ta yi ƙasa da murya.

"Mai agogo, da gaske ne abin nan naka in hannu bai motsa ba tsayawa yake?"

Na ce haka ne.

"To bai tsaya ba. Tun da aka kwantar da Malam yana hannunsa, ko sau ɗaya bai tsaya ba."

Ta ce in ɗakin ya zama ba kowa, mijinta aiki yake yi. Takan bar hannunsa a miƙe ta fita tsakar gida, ta dawo ta same shi a ƙirji, goshinsa da gumi. Ta faɗa wa dangi, suka shiga suka zauna suka zuba masa ido, ko yatsa bai ɗaga ba. Da ta nace, sai aka fara cewa jinya ta taɓa mata kai. Wan mijin, wanda shi ne babba a gidan, ya yanke cewa za a mai da ita wajen danginta a Kance a nema mata magani, shi kuma marar lafiya a kai shi gidansa. Tun tana yarinya take ɗakin mutumin nan. Ta ce in aka raba su yanzu, ba za ta sake ganinsa da rai ba.

"Ni ba su yarda da ni ba. Kai kayanka ne, ka zo ka faɗa musu."

Na so in ƙi. Mai sayar da kaya ba ya shiga maganar gidan mutane. Amma zancen agogon ya tsaya mini a rai, don na san halin abin da nake sayarwa.

Na hau babur na je. Wan ya tare ni a zaure, dogon tsoho mai carbi.

"Alhaji, har marasa lafiya kake bi da talla yanzu?"

"Dubiya na zo, Baba, in kuma duba kayana."

Ya kai ni ɗakin. Mai lambu na kwance a katifa, ya rame, idonsa a kan azara. Agogon ya yi masa yawa a hannu. Na duƙa na duba, yana tafiya, ya yi gaba da mintoci masu yawa, alamar an daɗe ba a saita shi ba.

"Ita ke murɗa shi," in ji wan. "Ko ba ta sani ba, ita ce."

Maganarsa na kan hanya, don ana iya murɗa shi da yatsa. Na ce a gwada. Na cire agogon na tafi da shi, na ajiye a akwati har ya mutu. Sannan na dawo da hantsi. A gaban wan na ɗaure kan da ake murɗawa tam, na ɗiga masa kakin zuma, na danna babban yatsana a kai, yadda ba mai murɗawa sai ya fasa. Na ɗaura wa mai lambu a hankali. Siririn hannun agogon ya ɗan taka ya tsaya.

"Ka gani, Baba. Taɓi kaɗan, tafiya kaɗan. Ko an juya shi a shimfiɗa, abin da zai samu bai wuce haka ba."

Muka miƙar da hannun a gefensa. Aka tura matar gidan maƙwabta. Ɗakin ƙofa ɗaya gare shi, tagar kuwa ko kyanwa ba ta wucewa. Muka saki asabari, muka shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar, ni da wan.

Rana ta yi sama. Gidan ya yi tsit, kaji sun shige ƙarƙashin rumbu. Wan yana jan carbi yana ba ni labarin tsadar taki, ni ina amsawa da ka. Har na fara jin kunyar tsohuwar, ina tunanin yadda zan faɗa mata.

Sai na ji shi.

Ƙarfen lilon nan na agogon Rasha ba ya da kunya, in ya juya yana da ƙara, wani ɗan ƙirr da na saba ji a kunnena kullum. Daga bayan asabari ya fito. Ƙirr. Ƙirr. Ƙirr. Sai shiru, kamar tsawon yadda mutum zai juye ruwa a gindin shuka. Sai ya sake ɗauka.

Na ɗaga wa wan hannu. Ya yi shiru, ya karkata kai. Na ga carbin ya tsaya a yatsunsa. Duk wanda ya tashi a ƙasar lambu ya san wannan tafiyar, ja, ja, ja, juye. Mun daɗe muna saurare, ba wanda ya dubi ɗan'uwansa.

Ni na miƙa hannu na ɗaga asabarin.

Ban ga hannun yana motsi ba, kuma ba zan ce na gani ba. Mai lambu na kwance yadda muka bar shi, ido a azara. Amma hannun da muka miƙar yana bisa ƙirjinsa, yatsun a dunƙule da rami a tsakiya, daidai kaurin igiya. Gumi na gangara masa ta bayan kunne. Agogon na tafiya da ƙarfinsa, kakin zuman na nan da shatin yatsana.

Wan ya tsaya a bakin ƙofa, ya ƙi shigowa.

"Cire shi, Alhaji. Ɗan ruwan nan da ke ciki ne."

"Baba, hoto ne. Agogo ba ya motsa hannu, hannu ke motsa agogo. Wannan kaɗai na sani, kuma ko gaban alƙali haka zan faɗa."

Ya daɗe yana kallon ƙanensa. Ya kira shi da sunan da suke kiransa tun suna yara, har sau biyu. Ƙanen ko ƙiftawa bai yi ba.

"To me yake ja?" ya tambaye ni a hankali.

Daga baya na ba majo, babban ma'aikacin jinya na asibitin garinmu, labari, ya ce jikin da ya shanye yakan zabura da kansa. Ban yi masa musu ba, aikinsa ne. Sai dai zabura ba ta da tsari, abin da muka ji kuwa yana da shi.

Wan ya aika aka kira matar. Ta shigo tsakar gida tana duban fuskokinmu, mayafinta a hannu, kamar wadda ta riga ta ɗaure kayanta. Ya gyara murya.

"Zancen Kance a bar shi. Ki zauna ɗakinki, ki riƙe mijinki. In kina bukatar wani abu ki aiko."

Ba ta yi godiya ba, ba ta ce ai na faɗa muku ba. Ta wuce mu ta shiga, ta share masa gumi da bakin zanenta, ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya ta shafa musu man shanu, ta mai da hannun gefensa. Sannan ta fito ta saki asabarin, ta dubi tabarmarmu.

"Yaya, ku ɗan matsa zaure. Ba ya son a tsaya masa a ka, kuma bai gama ba."

Muka naɗe tabarmar muka matsa.