Mai Leƙe Ba Ya Tari

Jiya wani ya danne tari a sahun sallah, sai na tuna Kawu. Manomi ne a Jiwa, tsohon soja da ake kira in bukata ta taso, ya shiga gaban runduna ya leƙo maɓoyar abokan gaba. Yakan ce, "Mai leƙe ba ya tari."

Ranar da aka kira shi yaƙin basasa, mura ta riƙe masa ƙirji. Matarsa ta cusa masa citta a aljihu.

"Malam, in tarin ya zo fa?"

"In haɗiye shi, kamar tuwonki."

Ba wanda ya yi dariya. Bai dawo ba. Allah Ya haskaka kabarinsa, ko a wane daji yake.