Amfilifayar Baba Cornelius

Duk wanda ya taɓa yin sujada a cocin nan na Nasarawo ya san Baba Cornelius, in bai san sunansa ba ya san ƙarar jitarsa. Mutumin Kaltungo ne, ya shigo Gombe yana saurayi, ya yi tuƙi a wata ma'aikatar gwamnati har ya yi ritaya, amma ba mai ce masa direba. Mai jita ake ce masa. Kujerarsa tana gaba, gefen mawaƙa, a gindin ƙafarsa kuma akwai wata tsohuwar amfilifaya, akwatin ƙara sautin jita, baƙa mai nauyin buhun siminti, irin mai kwalabe a ciki da masu gyara ke kira bawul. Wani ɗan mishan ne ya bar masa ita da zai koma ƙasarsu. Sai an kunna ta an jira kwalaben sun yi ja kafin ta ce uffan, shi kuwa Cornelius wannan jiran ya fi masa komai daɗi, don coci gaba ɗaya sai an jira shi.

Ba mutum ne mai sauƙin zama ba. Ya sha tsayar da waƙa a tsakiya ya nuna mutum da yatsa. Akwai wata Lois da ya ce wa a bainar jama'a ta riƙa motsa baki kawai, ta bar murya ga masu ita, tun ranar ba ta sake tsayawa cikin mawaƙa ba. Matarsa Edna ce ke bin mutane tana ba su haƙuri a bayan idonsa.

Sai tsufa ya zo masa ta kunne. Da kunnen ya yi nauyi sai ya ƙara wa amfilifaya murya, ya kuma soma jan ƙafa, mawaƙa suna wannan baiti shi yana wancan. Kowa ya gaji, amma a wurin mutanen nan ba a duban dattijo a ce masa ya sauka, balle wanda ya yi wa rabinsu kiɗa ranar aure, ya raka iyayensu makabarta da jitarsa. Fasto ya tura wa dattawa maganar, dattawa suka tura wa Alfred, malamin makarantar da ke shugabantar makaɗa. Alfred ya zo ya rusuna.

"Baba, mun samu sabbin kayan sauti. Zan ja waya daga amfilifayarka zuwa manyan lasifikoki, har na waje su ji ka. Sai dai kai ba za ka riƙa jin ta kusa da kai kamar da ba."

Cornelius ya ce ai tuni ya kamata su yi wannan hankalin. Daga nan abubuwa suka yi daɗi. Ba mai ɓata fuska, ba mai waiwayowa. Shi dai yana jin tsirkiya a yatsunsa, yana jin dirin ganguna a ƙirjinsa, ya ɗauka a cikin wannan hayaniyar har da tasa.

Ana haka wata Lahadi, ana tsakiyar waƙa, ƙaurin ƙonewa ya tashi daga ƙasan kujerarsa, 'yar jar fitilar amfilifaya ta mutu. Bikin godiyar kaka saura mako, kuma ya san in kujerar nan ta kwana ba kowa a irin wannan rana, ta tafi ke nan. Alfred ya ce Baba ya huta, za su riƙe masa. Cornelius ya galla masa harara. Washegari ya tare keke napep, ya ɗora amfilifayar ya nufi Pantami, wurin Bawa mai gyaran rediyo.

Bawa Bakatsine ne, sa'ansa, bakinsa ba linzami. Ya karɓi kayan yana tsaki, ya ce masu irin wannan duk sun mutu, saura su biyu. Ya fara da ƙananan abubuwa. Ya canza wayar jita, shiru. Ya zaro fis ya ɗaga shi a haske, ya ga ya tsinke, ya sa wani. Fitila ta kama, kwalabe suka yi ja, amma ko gurnani babu. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da gindin biro, hannunsa na hagu a bayansa, don ya ce tsohuwar nan ko an cire ta daga wuta tana iya maka mutum da ƙasa. Sannan ya kashe ta, ya juya ta, ya kwance murfin baya. Ya leƙa, ya daɗe yana kallo, sai ya fashe da dariya.

"Mai jita, wa ka yi wa laifi?"

"Ka yi aikinka, Bawa."

"Zo ka gani da idonka, tunda kunne ya ƙi." Ya zaro wata waya da aka naɗe bakinta tsaf da baƙin salatif. "Wannan ita ke zuwa lasifika. An cire ta. Kuma ba ɓera ba ne, ɓera ba ya naɗa salatif. Ba jiya aka yi ba, dubi inda ya kamata ta shiga, zanzaro har ya yi gini ya ƙyanƙyashe ya tashi."

Cornelius ya ce wannan ba komai ba ne, sautinsa ta manyan lasifikoki yake fita, ga ma wayar da Alfred ya ja. Bawa ya bi wayar da yatsa har ƙarshenta. An ɗaure ta ne a jikin wata ƙusa ta katako, ba ta haɗe da komai.

"To in dai ƙusa tana waƙa, an ji ka." Ya share hawayen dariya. "Wanda ya yi maka wannan kayan zamani ya sani. Su, ko ka cire musu lasifika, ba abin da zai same su. Mai kwalabe kuwa in ka hana ta inda za ta zubar da ƙarfinta, kanta take ci. Kana ta kaɗawa tana ta dahuwa. Taransifomar da ke cikinta ta ƙone ƙurmus."

"A sa wata."

"Daga ina? Babu a Gombe, Kano ma sai an dace. Ka mai da ita kujera, tana da ƙwari."

Bawa bai tsaya nan ba, sai da ya kira mai shayin da ke kusa ya zo ya ga mutumin da ya yi wata da watanni yana yi wa ƙusa kiɗa. Kunya ce ta rufe Cornelius, irin wadda bai taɓa ji ba tun da uwarsa ta haife shi. Ya ce a mayar masa da murfin.

Bai faɗa wa kowa ba. Ranar godiyar kaka coci ya cika maƙil, ga buhunan masara da wake jibge a gaban bagadi. Ya shigo da amfilifayarsa ya ce an gyara. Alfred ya yi tsuru-tsuru, sannan ya ce an gode Allah. Cornelius ya zauna. Bai jona ta da wuta ba, wayar jitar ma ya naɗe ta ya take da ƙafa. Ya kaɗa kowace waƙa daga farko har ƙarshe, yana kallon fuskokinsu.

Da aka tashi, Fasto ya riƙe hannunsa ya ce hannun Baba bai tsufa ba. Dattawa suka ce yau sun tuna zamanin da. Ya amsa wa kowa da kai. Mutum ɗaya yake jira, don ya san ita ba ta iya ƙarya ba. Edna ta fito daga cikin mata tana gyara ɗankwali.

"Maman Nancy, kin ji ni yau?"

Ta matso kusa da kunnensa mai ɗan dama-dama, ta ɗaga murya yadda zai ji sosai.

"Ras na ji ka, Baban Nancy. Tun da Alfred ya ja maka wayar nan, har wurin zaman mata kake isowa."