Igiya Mai Ƙulli Talatin

Ƙarfe bakwai na safe ba ta taɓa samun Kawu a gida ba. Kafin masu shaguna su buɗe ƙofa ya riga ya ɗaure jakarsa a bayan tsohon babur ɗinsa, wanda ake jin tarinsa tun daga kwanar layi. Shekara talatin da huɗu ke nan kayan cikin jakar ba su canza ba: tocila, littafin rubutu, farin kwano, ƙullin shuni, da wata igiya mai ƙulli talatin, tsakanin kowane ƙulli da na kusa da shi mita ɗaya. Duba-gari ne, kuma a ɓangaren da kowa ke gudu, wato masai da kwata da ramin da ruwan ban-ɗaki ke taruwa, wanda muke kira sokawe. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Ni ɗan yayarsa ne, kuma na daɗe ina jin nauyin abin da zan faɗa a nan.

Duk wanda zai haƙa sokawe sai Kawu ya sa masa hannu. Yana zuwa zai tambayi inda rijiya mafi kusa take, ko ta gidan ce ko ta maƙwabta. Sai ya ɗaura bakin igiyar a jikin rijiyar, ya ja ta zuwa inda ake son ramin. In igiyar ta ƙare bai isa ba, madalla. In ya isa da sauran ƙulli a hannunsa, to, ka kawo masa kujera da ruwan sanyi da labarin yadda kakanka da nasa suka yi abota, zai saurara har ƙarshe, ya yi godiya, ya mayar da biro aljihu. Bayan igiya kuma yakan zuba bokitin ruwa a ƙasa ya ga inda zai gangara, don kada rami ya zauna a saman rijiya. Mai-igiya ake ce masa. Akwai masu gaisawa da shi su faki idonsa su shinshina hannu. Ya sani sarai, dariya kawai yake yi, ya ce shi kaɗai ne ma'aikacin da ya san cikin kowa a unguwar nan.

Wani direban motar yashe masai da bakinsa ya ba ni labarin ranar da ya ji ƙyuyar zuwa inda aka keɓe don zubar da ƙazanta, ya juye tankinsa a rafi. Bai san babur mai tari yana biye da shi ba. Kawu bai ɗaga murya ba. Ya kama hannunsa suka bi gefen rafin da ƙafa, har suka iske mata suna ɗauraye kwanuka. Suka tsaya suna kallo, sannan Kawu ya sauka ya roƙi matan su fita daga ruwan. Direban ya ce da wannan tsayuwar gara a mare shi a tsakiyar kasuwa. Takardar laifi dai ya sha ta, amma yau shi ne ke tsare sababbin direbobi da faɗa.

Sai dai igiyar nan ta taɓa shiga gidanmu, kuma abin da ya sa nake rubutu ke nan.

Bayan rasuwar Baba, Mama ta gina ɗakuna biyu da ban-ɗakin zamani a bayan gida. Wuri biyu ne kawai ramin zai iya zama: jikin katangar baya, ko tsakar gida inda bishiyar lemon da Baba ya dasa da hannunsa take. A bayan katangar kuwa rijiyar wani tela maƙwabcinmu ce, wadda duk layinmu ke sha, har da mu. Mama ta aika a kira mata autansu, hankalinta kwance. Ya ɗaura igiya, ya miƙo ta saman katanga, ya ƙirga. Ƙulli goma sha ɗaya. Ta tuna masa cewa ita ta goye shi, ita ta wanke masa kashi lokacin da mahaifiyarsu ke kwance.

"Yaya, ban manta ba," in ji shi, kansa a ƙasa. "Amma in na sa hannu, jikokinki zan shayar da wannan ruwan."

Birkilan da ke mata ginin ya ba ta shawarar a haƙa a jikin katangar kawai, siminti zai riƙe, wa zai sani? Aka haƙa, aka rufe, aka fara amfani da shi. Ni ma da bakina a ciki, don na ce Kawu ya cika ƙaƙale. Bayan wata huɗu ya zo gaisuwa, ya nemi ban-ɗaki, ya ga inda bututu ya nufa. Bai yi gardama da kowa ba. Ya kwance ƙullin shuni ya zuba a ban-ɗakin, ya kora da ruwa, ya zagaya ya roƙi tela a dakata da shan rijiyar. Kullum da safe sai ya zo ya jefa guga. A rana ta biyar ya shigo da farin kwanonsa ya ajiye a gaban Mama. Ruwan ya yi shuɗi-shuɗi.

Ranar aka rufe rijiyar, aka yashe ta, aka zuba magani. Ramin aka kwashe aka cike shi. Sabon rami kuwa ba shi da wurin zama sai gurbin bishiyar lemon. Kawu da kansa ya riƙe gatarin, wai kada zunubin ya hau kan wani. Mama tana tsaye a ƙofar ɗaki har bishiyar ta faɗi, sannan ta ce ya tona mata asiri a layi, ya kuma sare abin da mijinta ya bar mata, daga yau ba ta da ƙane. Shekara tara ke nan. Yana zuwa gaishe ta duk wata, ya durƙusa a bakin ƙofa, ta juya masa baya, ya tashi ya wuce ya duba rijiyar tela.

Kawu, kai ne wanda aikinsa ba ya ganuwa sai ranar da ba a yi shi ba. Shekarar da amai da gudawa ta kwantar da unguwar da ke tsallaken titi, layinmu ko mutum ɗaya bai kwanta ba, kuma ba wanda ya zo ya ce maka sannu. Kai ne ka zaɓi yayarka ta rayu tana fushi da kai. Na ce maka mai ƙaƙale, ina neman gafararka a gaban jama'a. 'Ya'yana uku da ruwan rijiyar nan suka girma. Na gode, Allah Ya saka maka. Ku kuma da za ku gaji jakar, kada ku rage ƙulli ko ɗaya don wani naku. Mu masu gidaje, in mun ga duba-gari a ƙofa, mu daina rufe ta.

Shekaranjiya ya zo gaisuwarsa ta ƙarshe da jaka a kafaɗa. Na riga na gaya wa Mama zai bar aiki. Ya durƙusa a inda ya saba. Sai muka ga ta miƙe, ta ɗauki guga ta fita, ita da gwiwarta ba ta barinta zuwa ƙofar gida. Ta dawo tana haki, ta zuba ruwan a kofi, ta miƙa masa.

"Auta, sha."

Ya karɓa da hannu biyu. Amma sabo na shekara talatin da huɗu ya riga shi, sai da ya ɗaga kofin wajen haske ya leƙa ciki.

"Har nawa ma sai ka duba?" in ji Mama, idonta ya cika.

"Naki na fi dubawa, Yaya."

Ya shanye tas, ya miƙa mata kofin ta ƙaro.