Kartar Fata Mai Launi Huɗu

Ban taɓa mantawa da ranar da na tsaya a zangon Birnin Gwari, gaban fatake, na ɓata sunan aikina da bakina ba. Tunda kun dame ni da tambayar abin da ya sa nake kiran koriyar hular nan ta kaina ja, ku ajiye basilla ku saurara.

Lokacin Nasara bai iso ba, labarinsa kawai muke ji a bakin masu zuwa Nufe. Na gama koyon dukanci, Sarkin Dukawa ya ba ni rumfa a bakin zango, ina gyara wa fatake takalma da salka da kube. Da rani ne, bayan Babbar Sallah, ayarin Madugu Ilu ya sauka daga Kano, za su Gwanja sayen goro. Ku da ba ku ga zamanin ba, ayari shugabanni uku gare shi. Madugu shi ne uban tafiya. Jagaba shi ke gaba, ya san hanya da mashaya, shi ke duba daji ko akwai 'yan fashi. Uban dawaki kuma shi ke kula da sauka da tashi. Jagaban ayarin nan Barau ne, taubashina, ɗan ƙanwar babana, wanda ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Uban dawakin kuwa Cindo, kuma kowa ya san ya daɗe yana son ya ga ƙanensa a gaban ayari maimakon Barau.

Madugu ya kira ni, ya kwance wani ƙyalle, ya fito da wasu 'yan takardu masu kauri da ya samo wajen wani Balarabe a Kano, wai karta. Gida huɗu ne, kowane da alamarsa. Fatake sun raɗa musu sunaye: kan mashi, sawun kaza, goro da dagi. Amma launi biyu ne kacal, ja da baƙi, ga shi gumi da ruwan hanya sun cinye su, alamun duk sun dushe.

Ya ce, "Baduku, ka yi mini irinsu da fata. Kuma kowane gida ka ba shi launinsa, don idon tsofaffi ya huta."

Na ce, "An gama, Madugu."

Na zaɓi fatar akuya jemammiya, na yanka daidai wa daida. Ja na rina da karan dafi, baƙi da kuloko, rawaya da gangamau, kore kuwa sai da na kankare tagulla na jiƙa da tsami. Kowace na huda ta gwargwadon lambarta, sannan na liƙa mata farar fata a baya, yadda hujin zai fito fari tas, bayan kuma duk ya zama iri ɗaya. Da na zo kan alamun nan, mashi da su sawun kaza, sai na ga wahalar banza ce. Launi ya riga ya faɗi gidan kowa, me za a yi da sawun kaza? Na bar su. Madugu ya juya su a hannu ya yi ta yabo, ni kuwa kaina har ya fi hulata girma.

Washegari da hantsi aka baje tabarma a gindin tsamiyar zango. Madugu ya hana caca a ayarinsa, saboda haka wanda aka cinye ƙoƙo ake kifa masa a ka, ya zauna da shi sai wani ya karɓe shi. Dokar wasan ɗaya ce mai ƙarfi: gidan da aka fara jefawa shi za ka bi in kana da shi. In kana da shi ka ɓoye, ka yi ha'inci.

Cindo ya jefa ja. Barau ya ɗora masa kore hankali kwance, ya miƙa hannu zai kwashe. Aka yi dariya, aka ce mantuwa ce. Zagaye na gaba ya sake. Da ya yi na uku, Cindo ya kama hannunsa ya baje abin da ke ciki, ga jajaye nan zube.

A nan na tuna abin da na sani tun muna yara. Barau ne goggo ke aika ya tsinko jan barkono ya dawo mata da ɗanye cike da ƙwarya, ya sha duka, gobe ya sake. Idonsa ya fi na kowa kaifi, yana hango motsin kunnen gada a cikin sarƙaƙiya, amma ja da kore a wurinsa uwa ɗaya uba ɗaya ne. Da tsohuwar kartar alama yake bi, shi ya sa ba wanda ya taɓa ganewa. Ni na cire masa alamar.

Cindo ya gyara zama ya ce, "Madugu, mutumin da zai ha'ince mu a kan ƙoƙo, shi za mu bi cikin dajin Kamuku da dukiyar mutane? In kuma bai gani ba ne, to ya faɗa, mu san makaho ke ja mana gora."

Madugu bai yi dariya ba. Ya ce, "Jagaba, wanne ne a ciki?"

Gumi ya fara bin wuyan Barau. Duk wanda ya zaɓa, jagabancin ya tafi, kuma ba shi da wata sana'a sai ita. Ni da na saba jin daɗi in na ga ya shiga uku, ran nan tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

A aljihuna akwai wata karta da na ɓata wajen aiki. Na tsoma ta a karan dafi bisa kuskure, na yi ƙoƙarin rufe ta da kore, ta fito kamar ruwan kududdufi. Na matsa na ce, "A ba ni in duba, ni na yi su." Ina tattarawa na zaro ta daga aljihu a ɓoye na cusa a cikinsu, sannan na ɗaga ta sama.

"Uban dawaki, wannan wane gida ce?"

Cindo ya ƙura mata ido ya ce, "Ja ce mana."

Madugu ya karɓa ya ce, "Ina ja a nan? Koriya ce."

Wani Banufe ya ce shi dai ƙasa-ƙasa yake gani. Kafin ka ce me, zango ya kasu, masu ja da masu kore, har masu jakai sun bar dabbobinsu sun zo ba da shaida. Na bar su suka yi ta yi, don gaskiya na ji daɗin kallon. Da suka gaji na durƙusa na ce, "Madugu, laifina ne. Rinin tagulla ba ya shiri da gumi. Wanda tafinsa ke gumi, kore na rikiɗe masa a hannu, kuma ba wanda ya kai bawan nan nawa gumi a duk zuriyarmu. In Uban dawaki da kansa ya kira kore ja, me za a ce wa Jagaba?"

Aka fashe da dariya. Madugu ya watso mini kartar ya ce in gyara kafin ayari ya tashi, kuma yabon da ya yi mini jiya ya janye shi.

Maganar ta kai wa Sarkin Dukawa kafin azahar. A sana'armu, aikin da aka dawo da shi gaban jama'a, gabansa ake kai shi. Ya ɗauki gurɓatacciyar kartar, ya kankare gefenta da farce, ya ga ja a ƙarƙashin kore.

Ya ce, "Wannan ba gumi ya ɓata ta ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, gumi ne."

"Gumin wa?"

"Na dangi."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya jefa ta cikin wuta. Amma bai wanke ni a gari ba. Shekarar nan duk masu aurar da 'ya'ya wata rumfar suka kai aikin filalla, wato matasan kai na fata, yara kuma na bina suna kirana Mai Rinin Gumi.

Da la'asar na aika aka kira Barau. Na shimfiɗa masa yankakkun fatu iri-iri na ce, "Zo ka taya ubangidanka zaɓe, ko ka yi amfani yau." Bai ce ba ya gani ba, ni ma ban ce ba. Sai dai ya nuna biyu ya ce, "Waɗannan ba su yi mini kyau tare ba." In janye ɗaya in kawo wata. Haka muka yi har muka tsaya a kan baƙi, rawaya, ja mai haske, da shuɗin da na kai karofi aka tsoma mini sama-sama. Kuma na zauna na yanka wa kowace alamarta, har sawun kazar da na raina.

Ranar da za su tashi aka gwada sabuwar. Barau ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya cinye. Ƙoƙo ya hau kan Cindo tun hantsi bai sauka ba sai da aka ɗaura wa jakai kaya. Tsofaffin ayarin ma suka ce wannan ta fi, don daga nesa kana gane gidan da aka jefa. Barau ya shiga gaba, ya ratsa da su dajin lafiya, kuma ya riƙe jagabanci har ƙafarsa ta gaza.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Kafin ka tsoma fata a rini, ka tuna ba idonka ne zai yi aiki da ita ba. Kada ka bar launi shi kaɗai ya yi magana, ka ba shi alama ta taya shi. Kuma mai wata 'yar nakasa ba zai zo ya faɗa maka ba, kai za ka lura ka gyara, ka yi shiru.

Hular kuwa, da suka dawo daga Gwanja da kaka, Barau ya shigo rumfata ya jefo mini ita a cinya. Ya ce, "Ga jar hula na sayo maka a Nufe, da kaina na zaɓa, don ka yi kama da mutane." Na duba, ga ta koriya shar. Na dubi fuskarsa, ban ga alamar wasa ba, ban kuma ga alamar babu wasa ba. Na sa ta a kaina na ce, "Ban taɓa ganin ja mai kyanta ba."

Yau shekarunsa da yawa a ƙasa, kuma ina kewarsa ƙwarai. Shi ya ce ja ce. To, a rumfar nan ja ce, kuma duk wanda ya ga kore a cikinku, ya je ya wanke idonsa.