Ƙafar Yaya a Kan Fedar Sunkuye

Tun yana yaro ake kiransa Sunkuye, domin bai taɓa iya tafiya da kai a ɗage ba. Idan aka aike shi, ƙasa yake kallo har ya je ya dawo. Idan malami ya yi masa tambaya a aji, yatsun ƙafarsa yake bai wa amsa. Yayarsa ce ta raine shi bayan rasuwar iyayensu, kuma ita kaɗai ce ba ta kiransa da wannan suna. Auta take ce masa, maganar da ta fi yawan biyo baya kuwa ita ce, "Ɗago kanka, ba sata ka yi ba."

Yaya tela ce. Ɗakin gaba na gidan da suke zaune shi ne shagonta: teburin yanka, almakashi babba da ƙarami, dutsen guga, da wani tsohon baƙin keken ɗinki na takawa, wanda ta ƙi rabuwa da shi ko da sauran teloli suka koma masu lantarki. Ɗakin baya na Sunkuye ne, ƙofa guda ce ta raba su.

Da ya girma sai ya koyi aikin lantarki, yana haɗa fitilu da lasifikoki a manyan ɗakunan taro. A nan ne wata rana wani abokin aikinsa ya saka wani kiɗa don gwajin lasifika, Sunkuye yana kan tsani, ya tsaya cik da filaya a hannu. Jita ce, amma ba ya jin inda aka taɓa tsirkiya. Sautin yana tasowa kamar hayaƙi, ya cika ɗakin, ya hau kan wanda ya riga shi, muryar mawaƙin kuma can ƙarƙashi, kamar mai magana daga bayan bango. Abokin ya ce masa sunan kiɗan shugez, wato kallon takalmi, domin masu yinsa ba sa kallon jama'a. Ƙananan akwatunan ƙarfe ne jere a gabansu, ana ce musu feda, kowace tana sauya sautin jita idan an taka ta, don haka idonsu ba ya barin ƙasa.

Sunkuye ya sauko daga tsanin yana jin kamar an ba shi labarin danginsa da bai taɓa sani ba.

Ya sayi tsohuwar jita, ya koya da kansa. Ya fara tara feda ɗaya bayan ɗaya, yana kafe su a kan wani katako da ya goge ya shafa wa baƙin fenti. Akwai mai sa sauti ya yi gurnani, akwai mai maimaita shi kamar amsa-kuwwa, akwai mai shimfiɗa shi har ka rantse a cikin wani katafaren ɗaki marar kowa ake kiɗan. A ƙarshen katakon, wajen dama, akwai babbar feda mai lilo, wadda ita ce ran aikin duka: idan diddige ya danne ta sauti ya ɗauke, idan yatsu suka tura ta gaba sauti ya taso. Mai kiɗa yakan bugi tsirkiya yayin da fedar take shiru, sa'an nan ya buɗe ta a hankali, sai sautin ya bayyana ba tare da an ji mafarinsa ba.

Akwai wani mai sayar da kayan kiɗa a bakin babban titi, kowa Mai Kanti yake ce masa, mutum mai tumbi da yawan raha. Shi ya fara ba Sunkuye aron sababbin fedoji ya gwada, ya ɗauki bidiyon gwajin ya saka a intanet. Tsarin Sunkuye bai taɓa sauyawa ba. Yakan kafa kyamara tana kallon ƙasa. Ya fara jiyar da jita zalla, sa'an nan ya taka fedar, ya murɗa maɓallanta ɗaya-ɗaya daga ƙasa zuwa ƙarshe, ya faɗi gaskiyar abin da ya ji cikin 'yan kalmomi, ya rufe da kiɗa mai tsawo. Ba a taɓa ganin fuskarsa ba. Masu kallo daga ƙasashen da bai taɓa zuwa ba sun san shi ne da wani takalmi ruwan ƙasa, wanda bakinsa na dama ya koɗe saboda taku.

Yaya kuwa ra'ayinta guda ne. "Wannan ba kiɗa ba ne," in ji ta, "injin niƙa ne ya faɗa rijiya." Da zarar ya kunna lasifika sai ta tashi ta ja ƙofar da ke tsakaninsu, ta koma kan kekenta. Shekaru suka yi ta wucewa a haka, shi da ƙararsa, ita da tata, kowa yana taka abin da ke gabansa.

Furfura ta fara tsiro masa a gemu lokacin da tsani ya zame da shi a wurin aiki. Ya daɗe a asibiti. Likita ya yi masa bayani a natse: hannuwansa lafiya lau, kansa lafiya lau, amma daga ƙugu zuwa ƙasa ba zai ƙara jin komai ba. Aka dawo da shi gida a keken guragu.

Bai yi kuka a gaban kowa ba. Da ya sami ƙarfi, sai ya sa aka ɗora masa katakon fedojin a kan tebur, ya gwada dannawa da hannu. Amma jita hannu biyu take ci. Duk lokacin da ya saki tsirkiya ya kai hannu ga feda mai lilo, kafin ya tura ta sautin ya riga ya mutu. Ya gwada da gwiwar hannu, jitar ta zame daga cinyarsa. Ya saurari abin da ya ɗauka, ya ji kiɗa mai ɗingishi, ya goge shi. Daga nan ya rufe katakon da zane, ya juya kekensa ya fuskanci bango.

Cikin wannan shirun ne ya fara jin keken Yaya da kunnen mai sana'a. Ya ji yadda take sakin gudu a ɗinki miƙaƙƙe, yadda take sassautawa idan ta zo lanƙwasa, yadda take tsayar da allura daidai inda take so ba tare da ta wuce da zare ɗaya ba. Ya san irin ƙafar da fedarsa take bukata ce yake ji. Amma matar da ta ciyar da shi yana yaro, yanzu kuma take ɗaga shi daga gado zuwa keke, da wane baki zai roƙe ta ƙafarta kuma, a kan abin da ta ƙi jini? Sai ya kira Mai Kanti a waya ya ce ya zo ya kwashe komai.

Mai Kanti ya iso da hantsi, ɗauke da kwalaye. Ya gaisa da Yaya, ya shiga ɗakin baya, ya yaye zanen, ya tsaya yana duban katakon.

"Sunkuye, ka tabbata?"

"Na tabbata. Ka fara da ta dama, ita ta fi nauyi."

"To, na ji. Amma ba na cire waya ko ɗaya sai na ji su sau ɗaya tak. Kai ka buga, ni in taka."

"Kai? Ƙafar da ke karya silifas duk wata?"

"Ƙafar mai arziki ke nan. Ɗauki jitarka, malam."

Ya sauke katakon ƙasa, ya haɗa wayoyi, ya miƙa masa jita. Sunkuye ya karɓa ba don yana so ba. Ya buga. Mai Kanti ya ɗora ƙafa ya danna fedar gaba ɗaya, lasifika ta yi wata irin ƙara har gilashin taga ya girgiza. Suka sake, ya makara. Suka sake, ya riga shi.

"Bari haka," in ji Sunkuye a hankali. "Ka ga abin da nake faɗa maka. Kwashe."

A nan ne ƙarar keken ɗinki ta tsaya. Ƙofa ta buɗe, Yaya ta shigo da awo rataye a wuya, guntayen zare manne a zanenta. Ta dubi ƙafar Mai Kanti kamar yadda take duban ɗinkin ɗan koyo.

"Kai, feda ce ko kunama kake kashewa? Matsa can."

"Yaya," in ji Sunkuye, "kina da aiki."

"Na san ina da aiki. Wacce ake takawa?"

Ta jawo kujera ta zauna kusa da shi, ta ɗora ƙafar dama a kan feda mai lilo, ta gwada nauyinta gaba da baya. Ya buga. Nan take ƙafarta ta kama abin da ta saba, gaba, baya, gaba, baya, sautin ya riƙa fita guntu-guntu kamar mai haki. Mai Kanti ya tuntsire da dariya.

"Yaya, wando kike ɗinka mana?"

"Kai dai ka riƙe tumbinka." Ta juya ga ƙaninta. "Faɗa mini da maganar da zan gane."

Sunkuye ya yi ɗan tunani. "Ba ɗinki miƙaƙƙe ba ne. Kin san idan kin zo lanƙwasar wuyan riga, yadda kike tafiya kamar ba kya so? Turawa ɗaya ce, a hankali, har ƙarshe. Ki tsaya can. Sai sautin ya kusa ƙarewa ki dawo da diddige."

"Yaushe zan fara turawa?"

"Bayan na buga."

"Ta yaya zan san ka buga, tunda abin a kashe yake, ni kuma ƙasa nake kallo?"

"Za ki ji. Tsirkiya tana da ɗan ƙaramin sautinta, ko babu lasifika."

Ɗakin ya yi tsit. Ya buga. Wani ɗan sauti siriri ya fita daga jikin jitar, wanda ba ya kaiwa bakin ƙofa. Ƙafar Yaya ta fara sauka. Sautin ya taso daga babu, ya yi faɗi, ya cika ɗakin, ya daɗe yana shawagi kafin ya fara dushewa. Diddigenta ya dawo daidai lokacin da ya kamata. Ya sake bugawa, na biyu ya hau kan na farko. Ya ce, "Ta tsakiya, mai jan fenti, taku ɗaya," ta taka, gurnani ya shigo ƙarƙashin sautin. Ba ta kuskure ba sai sau ɗaya, ta kuma gyara da kanta.

Shi kuwa, karo na farko tun da ya fara riƙe jita, ba shi da abin kallo a ƙasa. Idonsa ya rasa wurin zama, sai ya ɗago. Abin da ya gani shi ne kan yayarsa a sunkuye, ɗankwalinta ya ɗan zame, gashin da ke ƙarƙashi fari fat. Bai san ta yi furfura haka ba. Ya ga tabon allura a yatsarta, ya ga yadda take cije leɓe kamar yadda take yi idan tana yanka yadi mai tsada. Ya ci gaba da bugawa har ya kai kiɗan ƙarshe.

Da sautin ya gama mutuwa, Yaya ba ta ɗago ba.

"Ashe dole ne mutum ya kalli ƙasa," in ji ta.

"Dole ne, Yaya."

Mai Kanti ya share ido da bayan hannu, ya ce ƙura ce ta ɗakin. Ya tattara kwalayensa yadda ya zo da su. A bakin ƙofa ya waiwayo. "Akwai wata sabuwa da ta iso, shuɗiya. In kawo?"

Sunkuye ya dubi Yaya. Amsar ba tasa ba ce.

"Kawo," in ji ta. "Amma da safe, kafin masu ɗinki su fara zuwa. Kuma kada wanda ya ce mini in sa wancan takalmin."

Haka aka yi. Bidiyon da ya biyo baya ya buɗe da katakon nan baƙi, da wata ƙafa cikin silifas na roba, guntun jan zare manne a diddigenta. Muryar Sunkuye ta ce, "Na yi haɗari, ƙafafuna sun daina aiki. Hannun nawa ne, ƙafar ta yayata ce." Daga nan ya jiyar da jita zalla kamar kullum, aikin ya ci gaba bisa tsarinsa. Ba komai ne ya dawo ba. Akwai sauye-sauye masu sauri da ƙafa ɗaya da kai ɗaya kawai ke iya yi, waɗannan ya haƙura da su, kiɗansa ya ƙara zama mai tafiyar hawainiya. Takalmin ruwan ƙasa yana nan ƙarƙashin gado, ba ya son a ɗauke shi, ba ya kuma son a fito da shi.

Ranar da suka gama ɗaukar wancan bidiyo na farko, Yaya ta miƙe tana dafa ƙugu, ta gyara awon da ke wuyanta.

"Har yanzu dai injin niƙa ne," ta ce. Ta kai bakin ƙofa, ta tsaya. "Amma wancan na ƙarshe, wanda ya daɗe bai mutu ba, wace feda ce ke yinsa?"

"Ta hagu, Yaya. Mai shimfiɗa sauti."

"Gobe da ita za mu fara."

Ta wuce shago. Jim kaɗan ya ji keken ya tashi, ya ji shi sarai, har da ƙarar almakashi a kan tebur, domin ta bar ƙofar a buɗe.